Taya mai zare ko mai waya: wadda na ga ta fi dacewa da motar shiga daji a ƙasar Katsina

Salam jama'a. Duk inda direbobin Hilux da Land Cruiser suka taru, ko a bakin masu faci na Ƙofar Ƙaura ne ko a gindin bishiya ranar kasuwar ƙauye, sai an taɓa musun nan na wai tsakanin taya mai zare da mai waya wacce ta fi ƙarko a daji. Mai zaren ita ce bayas, wasu su ce mata nailon, mai wayar kau ita ce radiyal. Mu sana'armu sayen amfanin gona ce, riɗi da wake da gero, muna bin kasuwanni da gonaki tun daga Kaita da Ɗankama har Mashi da Mani da Dutsi, mu ɓulla Daura da Mai'aduwa da Zango da Ɓaure, kuma da motoci biyu muke aikin, Land Cruiser akori-kura mai rim 16 da kuma Hilux. Duka kala biyun mun ɗaura su sun suɗe mun sake sayen wasu, don haka abin da zan faɗa abu ne da na gani da idona kuma daga aljihuna kuɗin suka fita.

Ga inda na tsaya tun da farko, saboda wanda ba ya da lokacin dogon karatu. In dai motarka sai ta ci kwalta mai nisa kafin ta sauka burji, yadda mafi yawanmu muke yi, to radiyal za ka saya, amma fa radiyal ta ɗaukar kaya mai tambarin LT a jikinta, ba irin wadda aka yi don jif ɗin yawon cikin gari ba. In kau motar a daji take kwana a daji take tashi, daga gona sai rumbu sai kasuwar ƙauye, ba gudu sai lodi, to mai zare ta fi maka kwanciyar hankali ta kuma fi sauƙin kuɗi.

Bambancinsu daga ciki yake, kada zanen waje ya ruɗe ka, don sau da yawa za ka ga tayoyi biyu zanensu kusan iri ɗaya amma ginin cikinsu ya sha bamban. Ita mai zare shimfiɗun zaren nailon ne ake jerawa a karkace, wannan ya nufi dama na samanshi ya nufi hagu suna gicciye juna kamar saƙar zana, karkacewar tana kamawa wajen digiri 30 zuwa 40, kuma tun daga wannan bakin rim har wancan bakin a haka suke tafiya, shi ya sa gefenta da inda take taka ƙasa duk jiki guda ne, in nan ya motsa can ma sai ya motsa. Radiyal kuma zarenta a miƙe yake tsallake tayar daga baki zuwa baki, digiri 90 da inda motar ta dosa, sannan a kawo ɗamarar wayar ƙarfe a naɗe a ƙarƙashin zanen kaɗai. To ka ga ƙasanta ya yi tauri ya kwanta sosai a kan hanya, gefen kuma ya zama mai laushi yana lanƙwasawa shi kaɗai ba tare da ya ja ƙasan ba. Dalilin kenan da in ka kalli radiyal ko iskarta a cike take sai ka ga ta ɗan buɗe daga ƙasa, yaran masu faci da yawa su yi ta ɗura mata iska wai ta sace, alhali haka aka ƙera ta.

Kamfanin Michelin na Faransa ne ya yi rajistar wannan gini na radiyal a 1946, ya fito da ita kasuwa a 1949 da sunan Michelin X, kuma yau kusan duk ƙaramar motar da ta fito daga kamfani da radiyal take zuwa. Mai zare ba ta ɓace ba dai, tana nan a tarakta da Keke Napep da baburanmu da wasu tifofi, da kuma lambar nan 7.50-16 da tsofaffin direbobinmu suke ji da ita. Da can a ƙasar nan ake yin taya, Michelin na da masana'anta a Fatakwal ta rufe a 2007, Dunlop na Ikeja ya bi baya a 2008, tun daga nan kusan duk tayar da muke takawa daga waje ake shigo da ita, shi ya sa dala na motsawa mai shago zai canza maka farashi ko da tayar ta shekara a shagonshi. Don haka ma ba zan kawo farashi a nan ba, na yau ba shi ne na jibi ba, abin da dai bai canza ba shi ne radiyal mai kyau ta fi mai zare tsada in girmansu ɗaya.

To mu zo kan kwalta, don a nan ne mai zare ta fi ba mu wahala. Daga Katsina zuwa Daura wajen kilomita 80 ne, kuma duk wanda ya bi hanyar nan a watan Afrilu ko Mayu lokacin da zafi ke kai digiri 40 har ya wuce ya san yadda kwaltar take yi da tsakar rana. Shimfiɗun zaren nan da suka gicciye juna, duk juyi ɗaya da tayar za ta yi sai sun ɗan murɗa sun ja juna, murɗawar nan ita ke haifar da zafi daga ciki, ga kuma zafin kwalta daga waje ga lodi daga sama. Lokacin da Land Cruiser ɗinmu take kan mai zare, in muka tsaya a Mashi ko Shargalle ka kai hannu jikin tayar baya wallahi ba ka iya barinshi, Hilux ɗin da ke biye da ita kan radiyal kuma ɗumi ne kawai za ka ji. Zafi kau shi ne babban abin da ke kashe taya, shi ke cinye roba shi ke raba ta da zare, kuma mafi yawan fashewar da ake yi a kan gudu daga nan take samo asali. Zanen mai zare a kan kwalta saurin suɗewa yake yi saboda ba ya kwanciya lafiya, yana ɗan gogar hanya ne yana tafiya, haka kuma motar tana ƙara shan mai, abin da tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 ba wanda ke ɗaukarshi da wasa.

Akwai kuma jin daɗin tuƙi, wanda masu mota ba su cika damuwa da shi ba saboda ba su ne ke riƙe da sitiyari ba. Mai zare in ta samu inda manyan motoci suka lotsa kwalta sai ta riƙa bin lotsawar tana jan sitiyari, direba ya wuni yana kokawa da mota. Da asuba lokacin hunturu in motar ta kwana da kaya za ka tashi ka ji tana dukan ƙasa dif dif dif kamar wani abu ya kwance, ba komai ba ne, nailon ɗin ne ya sandare a yadda ya kwana, sai an ɗan yi tafiya ya ɗumama sannan ta koma daidai. Birki kan kwalta mai ruwa ma radiyal ta fi kamawa nesa ba kusa ba. Direbanmu da muka mayar mashi da radiyal cewa ya yi, maigida yanzu ne na san ina tuƙa mota, da can da na dawo gida kafaɗuna ke ciwo.

Rairayi kuma, wanda shi ne rabin hanyoyinmu da zaran ka yi arewacin Daura wajen Kwangwalam ko ka shiga ƙauyukan Zango da Ɓaure da rani, mutane da yawa suna ɗauka taya mai tauri da manyan haƙora ita ce maganinshi. Ba haka ba ne ko kaɗan. Rairayi ba a haƙa shi, hawa kanshi ake yi, duk tayar da ta fara tona to kanta take binnewa, ko ka sa oksilari, giyar da ke sa ƙafa huɗun su ja, ƙara nutsewa za ka yi har cikin motar ya zauna. Abin da ke fitar da kai shi ne rage iska, kuma a nan radiyal ta yi fice, don kana rage mata iska gefen nan mai laushi zai lanƙwasa, sawunta ya ƙara tsawo, nauyin motar ya bazu. Mu in ba kaya mukan sauke ta zuwa wajen 20 a gejin auna iska, ma'aunin PSI kenan, mu wuce a hankali ba tare da murɗa sitiyari da ƙarfi ba, in da lodi ba ma kaiwa can ƙasa. Mai zare kau saboda taurin gefenta sai ka rage da yawa kafin ka ga ta buɗe, kuma tunda mafi yawanta da tif take aiki, in iskar ta yi ƙasa sosai tayar na iya zamewa a kan rim ta ja tif ɗin ta tsinke bawul, ka ga an gudu ba a tsira ba. Sharaɗin rage iska guda ne, kana fitowa kwalta ka mayar da ita, don radiyal mai ƙarancin iska a kan gudu ita ma zafi take ɗauka ta lalace daga ciki ba ka sani ba.

Amma fa in aka zo maganar kututture, dole in ba mai zare haƙƙinta, kuma tsofaffin direbobin da suka kafe a kanta ba don jahilci suka kafe ba. Bayan kaka in muka shiga cikin gonaki ɗaukar buhuna, ba hanya ake bi ba, kan kunya ake ratsawa, ga tushiyar dawa da ta gero an sare su a karkace sun bushe sun yi tsini, ga kututturen sabara da geza da aka sassabe sun ɓoye cikin ciyawa, ga marmara mai kaifi a bakin kwazazzabo. Duk waɗannan ba ƙasan taya suke nema ba, gefe suke yanka. Gefen mai zare shimfiɗa kan shimfiɗa ne, kututture zai goge ta ya bar mata tabo ta wuce abinta. Gefen radiyal kuma shi ne lagonta, ga shi siriri ga shi ya buɗe waje yana jiran abin da zai soke shi, musamman in ka rage iska. Akwai wata sabuwa fil da muka rasa a haka a wata gona bayan Dutsi, ko gashin jikinta bai gama kaɗewa ba kututture ya tsaga gefen kamar tsawon ɗan yatsa. Muka kai ta wurin wani dattijo mai faci, ya juya ta ya leƙa ciki ya girgiza kai, na ce Baba ba wata dabara, ya ce Alhaji dabara akwai, zan iya liƙe maka ita ta riƙe iska, amma in na ce maka ka hau kwalta da ita na cuce ka na cuci wanda za ka ɗauka. Gaskiya ya faɗa, kuma na ji daɗin da ya faɗa ɗin, don da yawa karɓar kuɗin za su yi su ƙona mata faci su ba ka. Radiyal in zaren gefenta ya tsinke ta gama aiki, wurin nan lanƙwasawa yake yi a kowane juyi, ba facin da zai zauna. Mai zare kau ko ta tsage a kan samu a sa mata ƙyallen tsohuwar taya daga ciki a sa tif ta ci gaba da aikin gona a hankali, kuma kowane ƙauye ka shiga akwai wanda ya iya wannan.

Ƙaya kuma labarinta daban, don ita ta ƙasa take shiga. Ƙayar aduwa da ta bagaruwa da farar ƙaya, duk wanda ke bin burtali ya san su. A nan ɗamarar wayar radiyal tana tare da yawa daga ciki, wadda ta samu ta shige kuma in tayar tubles ce, wato marar tif, sai ta toshe ramin da kanta iskar ta riƙa fita kaɗan kaɗan, ka iya kaiwa gari ko ma ka kwana ba ka lura ba. Mai tif kau ƙaya na taɓa tif ɗin ta sace nan take, sai jak sai safaya. Wannan ba ƙaramin abu ba ne a wurina, don kowa ya san halin da wasu hanyoyinmu suke ciki a shekarun nan, akwai wuraren da ba ka son la'asar ta yi maka kana durƙushe kana kwance noti, Allah dai ya kawo mamu zaman lafiya. Tayar da za ta ba ka damar ƙarasawa cikin mutane kafin ta kwanta ta biya kuɗinta. Abin da zan ƙara shi ne kada a bar ramin ƙasan radiyal da zaren nan da ake cusawa daga waje kawai a manta da shi, in an dawo gari a cire tayar a yi mata faci ta ciki, saboda in ruwa ya samu hanyar shiga wurin wayar tsatsa take yi, ɗamarar ta saki, sai ka ga taya ta yi ƙulu ko ta murɗe motar na rawa, daga nan kuma sai yarwa. Ramin da ya wuce milimita 6 ma masu yin tayar cewa suke kada a yi mashi faci sam.

Wajen lodi mai zare tana da wani abu da direbobi ke so, in an yi tulin buhuna sama motar ba ta cika yin layi ba saboda gefen ya tsaya ƙyam, radiyal kuma sai ka ji bayan motar na ɗan lilo a kwana in iskar ba ta kai ba. Sai dai mu faɗa wa kanmu gaskiya, motocin nan wajen tan guda aka yi su su ɗauka, abin da ake ɗora masu ranar kasuwar Mai'aduwa kau kowa na gani, babu tayar da aka ƙera don wannan. Taɓo da laka na damina ba zan daɗe a kansu ba, a can zanen ne ke aiki fiye da ginin ciki, mai manyan haƙora da ake rubuta wa M/T ta fi fita, amma tana da ƙara a kwalta tana kuma tona rairayi, mu da damunarmu ba ta wuce wata huɗu A/T, wato mai matsakaicin zane da aka yi don kwalta da daji duka, ta ishe mu.

Yanzu ga abin da ya fi damuna a duk wannan musu, kuma shi ne ya sa na zauna rubutun nan. Mafi yawan masu cewa radiyal ba ta da ƙarko a daji ba radiyal ta gaskiya ta ɗaukar kaya suka gwada ba. Mutum zai je ya sayi ta hannu 'yar Kwatano wadda aka ciro daga jif ɗin wani a Turai, tayar da aka yi don mutum huɗu da jakunkunansu a ƙasar sanyi, wata ma tayar ƙanƙara ce mai laushin roba, ta riga ta yi shekaru, ya ɗaura wa Hilux ya loda mata gero ya shiga gona, in ta fashe ya dawo yana cewa ai mai waya ba ta daji ba ce. Wannan ba adalci ba ne ga tayar, kuma rayukan mutane ne a bayan motar nan, don a ƙauye ba a ɗaukar kaya ba tare da masu kayan sun hau sama ba. Araha ba ta ado. Radiyal mai LT ginin gefenta da bakinta daban ne, ta fi nauyi in ka ɗaga, ta fi ɗaukar iska, kuma duk da ba ta kai mai zare taurin gefe ba tazarar ba ta da yawa kamar yadda ake zato. Manyan kamfanoni duk suna da irinta, akwai Dueler ta Bridgestone, Grandtrek ta Dunlop, Geolandar ta Yokohama, All-Terrain ta BFGoodrich, ga kuma na Sin da na Indiya masu sauƙin kuɗi, amma ko a cikin suna ɗaya akwai mai LT akwai marar shi, don haka sunan kaɗai bai isa ba sai ka duba jikin tayar.

Duba jikin kuma ba wuya, ko ba ka yi boko mai nisa ba. In ka ga 7.50-16 da ɗan layi a tsakani mai zare ce, in ka ga 7.50R16 ko 235/85R16 harafin R ɗin nan radiyal kenan, waɗannan biyun kuma tsayinsu kusan ɗaya ne. Sai lambar fulai da masu shago ke cika baki da ita, 8 ko 10 ko 14 da PR a gabanta, ita ba adadin shimfiɗun da ke ciki take nufi ba, ma'aunin ƙarfi ne da aka gada tun zamanin da ake yin taya da zaren auduga, radiyal mai fulai 10 za ka iya samun shimfiɗa biyu ko uku ne kacal a gefenta. Ainihin adadin yana nan a rubuce da ƙananan baƙaƙe kusa da bakin rim, nawa ne a ƙasa nawa ne a gefe, in ka samu mai uku a gefe ita ce ta aikinmu. A mafi yawan masu LT, mai fulai 6 iyakar iskarta 50 ne a geji, mai 8 tana kai 65, mai 10 kuma 80, wannan iyaka ce ba wai kullum a nan za ka ajiye ta ba. Akwai kuma lambar nauyi da harafin gudu a gaban girman, misali 112 na nufin kilo 1,120 kowace taya, 120 kuma kilo 1,400, harafin L iyakarshi kilomita 120 a awa, Q kuma 160, S 180. Sai lambobi huɗun ƙarshe na layin da ya fara da DOT, biyun farko sati ne biyun ƙarshe shekara, in ka ga 2423 an yi ta a sati na 24 na shekarar 2023. 'Yan Road Safety sun daɗe suna jan kunne kan wannan lambar kuma suna da gaskiya, roba tana tsufa ko ba a taka ta ba, balle wadda aka jera a bakin shago rana na dukanta tun safe har yamma.

Wani abin lura, tayar gaban tarakta ma akwai mai lamba 7.50-16, tana shiga rim ɗin Land Cruiser tsaf, kuma na ga wanda ya ɗaura don ya same ta da arha. Ba a yi ta don gudun da ya wuce kilomita 30 zuwa 40 a awa ba, dan Allah kada a hau titi da ita.

Haɗa kala biyu a mota ɗaya shi ma a kiyaye. Mai zare a dama radiyal a hagu kan layi ɗaya haɗari ne tsantsa, don ba sa lanƙwasawa iri ɗaya ba sa kama birki iri ɗaya, ranar da ka taka birkin gaggawa motar juyawa za ta yi. A motar da ƙafa huɗunta ke ja kuma duka huɗun ya kamata su zama gini ɗaya girma ɗaya, har safaya, in ba haka ba kana sa oksilari gaba da baya za su riƙa jan juna giyar ce za ta ji a jikinta. Masu Land Cruiser mai rim ɗin nan mai zobe, wanda ake cire zoben bakinshi a sa taya, su tuna shi dole sai da tif da falaf, robar da ake sawa tsakanin tif da rim, ko da radiyal aka sa, kuma akwai tif ɗin da aka yi musamman don radiyal, shi za a nema. In kana son cin moriyar tubles sai ka canza rim ɗin gaba ɗaya zuwa na bai ɗaya, mu haka muka yi. Rim mai zoben nan kuma in ana ba tayarshi iska a matsa gefe, yara kada su tsaya a kanshi, in zoben bai zauna daidai ba yakan fita da ƙarfin da zai iya kashe mutum.

Wajen saye ni na fi son shagon da zai bar ni in shiga ciki in juya tayar da hannuna in karanta lambobinta, ko a nan cikin gari ne ko in an shiga Kano. Wanda ya fara ce maka ai duk ɗaya ne Alhaji ɗauki kawai, ko ya ƙi ba ka rasit mai ɗauke da girman tayar da ranar da aka yi ta, ka yi mashi sallama cikin mutunci ka ƙara gaba. A kula da waɗanda ake sake yanka wa zane da wuƙa a shafa masu baƙin mai su yi sheƙi, in ka duba cikin ramin zanen da kyau za ka ga ba shi da santsin na kamfani, wani wurin ma har waya na leƙowa. Sabuwar taya kuma in an ɗaura a daure a yi alaimen da balansin, kuɗinsu bai kai na taya ɗaya da za ta cinye ta gefe guda ba.

Yanzu haka motocinmu biyun duk radiyal A/T mai LT ce a ƙafarsu, Land Cruiser ɗin tana kan 235/85R16 mai fulai 10, kuma tun da muka koma haka sayen taya ya ragu man ma ya ragu, abin da muka ƙara shi ne sa ido, in za a ratsa gonar da aka girbe yaron mota na sauka ya shiga gaba yana nuna wa direba kututture, sannan ba ma rage iska a irin wannan wurin sai a rairayi zalla. Wani abokin sana'armu a wajen Sandamu yana da tsohuwar akori-kura da ba ta zuwa ko'ina sai gona da kasuwannin kusa, da ya tambaye ni cewa na yi ya bar ta kan mai zarenta, in ya sa mata radiyal asarar kuɗi zai yi. Ko wacce ka zaɓa dai ka sayi geji naka na kanka da ɗan famfon da ake haɗawa da batir, ka riƙa auna iskar da safe kafin motar ta motsa, don in taya ta yi zafi gejin sama yake nunawa, kuma kada ka yarda a rage mata iska a wannan lokacin, in ta huce za ka tarar ta yi ƙasa da yadda ake so.